Allurar barbara ko sayen bijimi? Amsoshin tambayoyinku kan shanun nama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar barbarar zamani ce, wadda wasu ke ce wa allurar barbara 'yan boko kuma su ce AI. Ina zargin bidiyon jibga-jibgan shanun nan da ake ta turawa a waya ne ya tayar wa mutane da tsumi, kowa ya ga sa kamar giwa yana tafiya yana rangaji sai ya ce shi ma irinsa yake so a garkensa kafin Sallah. Na tsinci waɗanda suka fi maimaituwa, wasu na rage musu tsawo don wani saƙon kam wasiƙa ce guda.

TAMBAYA: Likita ina da shanu 34 farare a wajen Funtuwa, 20 a ciki mata ne masu haihuwa. So nake in riƙa samun maruƙa masu saurin girma in ɗaure in sayar. An yi min tallan wani bijimi Birahman kuɗinsa ya kusa na mota, wani kuma ya ce in bar bijimi in yi allura. Wanne ya fi?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara arziki. Bari in fara gyara wani abu don na lura kalmar allura ce ke ruɗa mutane, har akwai wanda ya taɓa ce min in sayo masa kwalba biyu zai yi da kansa tunda ya iya yi wa shanu allurar sammore. Ba ruwan magani ba ne da ake tsirawa a wuya saniya ta ɗau ciki. Maniyyin bijimi ne na gaske, ana ɗibarsa a tsinka shi a zuba cikin 'yan siraran robobi masu kamar tsinken tsintsiya da muke ce wa tsinke, kowanne na ɗaukar rubu'in mililita ko rabi, sai a daskarar da su cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tun 1949 da wasu masana a Ingila suka gano wani sinadari mai suna gilisarin na hana sanyi kashe maniyyi harkar ta buɗe, shi ya sa bijimin da ya mutu shekara goma da suka wuce a Amurka zai iya samun ɗa a Funtuwa bana. Ranar aiki mai yi zai sa doguwar safar roba ya zura hannu ɗaya ta duburar saniya ya kamo bakin mahaifa, da ɗaya hannun ya tura wani siririn ƙarfe da muke ce wa bindiga ta gabanta, ya wuce bakin mahaifar kaɗan ya sauke. Shikenan fa, in hannu ya saba minti biyar ma bai cika ba.

To wanne ya fi? Ni tambayata ita ce shanun nan ina suke kwana, kuma me suke ci a Maris da Afrilu. In irin garken nan ne da rani na kamawa makiyayi ya kaɗa su kudu sai damina ka sake sa su a ido, ka manta da allura, kuɗinka za ka zubar. Saniya ba kullum take karɓa ba, duk kwana 21 take neman sa, wata 18 wata har 24, kuma abin na 'yan awoyi ne, shanunmu masu tozo ma nasu ya fi gajarta sau da yawa cikin dare zai zo ya wuce makiyayi na sharar barci. Bijimi ba ya kuskure wannan lokacin, hancinsa ya fi na kowane likita. Mai allura kuwa sai an gani, an kira shi, waya ta shiga, ya samu mai a mashin ya iso cikin rabin yini.

Amma bijimin ma da nasa. Kuɗi ne ka tara a kan ƙafa huɗu, sammore ko ciwon kaska na iya kayar da shi, ɓarayin shanu da shi za su fara tunda ya fita daban a garke, ga ci kamar gara yana aiki ko ba ya yi. Bayan shekara uku zuwa huɗu 'ya'yansa mata sun isa dole ka rabu da shi in ba haka ba ya hau 'ya'yansa iri ya lalace. Kuma sa guda da ke bin mata 25 zuwa 30 in yana ɗauke da cutar da ake ɗauka ta barbara duk sai ya raba musu. Sannan wa ya tabbatar maka Birahman ne? Na sha ganin bokolo mai ɗan dogon kunne an wanke shi tas an laƙa masa sunan Turawa. In ka dage sai ka saya to ka tafi da likitanka a auna marainansa, a ɗebi maniyyinsa a duba a madubin likita, a ɗebi jini a gwada bakkale, cutar nan da ke sa shanu ɓari, kafin ka ba da ko sisi.

In kuwa shanun a gonarka suke zaune, da ruwa da harawa da dusa ka tanada, shawarata ka yi allura ka kuma riƙe sa ɗaya mai kyau na gida. Ka ware shi tun kafin a fara, shi da duk wani ɗan sa da ya fara hawa, ko a dandaƙe ƙananan, in ba haka ba su riga bindiga ka biya kuɗin Birahman a haifa maka farin maraƙi sak ubansa na ruga. Bayan allura da kamar sati biyu sai a saki naka ya kwashe waɗanda ba su ɗauka ba.

Lissafin kuma ba na tsinke ɗaya nawa ba ne. Mu ƙaddara cikin mata 20 ɗin nan likita ya duba ya tarar huɗu dama da cikinsu, uku sun rame ƙashin kwankwaso a waje, biyu ba su cika wata biyu da haihuwa ba, saura 11 kenan. Inda komai ya tafi daidai wajen rabi ne ko sama kaɗan ke ɗauka a zuwan farko, biyar ko shida kenan, duk wanda ya ce maka goma cikin goma ɗan talla ne. Sai ka tara kuɗin tsinke da na allurar jawo lokaci, wadda ke sa saniya ta nemi sa, da ladan mai yi da man zuwansa sau uku ko huɗu da gwajin ciki, ka raba gida shida, wannan shi ne kuɗin maraƙi guda tun bai faɗo ba, shi za ka gwada da kuɗin bijimi da cinsa na shekara uku.

Waɗannan ukun da suka rame kuwa nan gizo ke saƙa. Saniyarmu a hannun makiyayi sai ta shekara huɗu ko biyar kafin haihuwar fari, daga haihuwa zuwa haihuwa ta kusa shekara biyu, mutane su ce juya ce alhali yunwa ce. Ramammiyar saniya ko ƙwai jikinta ba ya saki, ko maniyyin bijimin sarkin Ingila ka kawo mata. Shi ya sa na fi son a yi aikin a Satumba zuwa Oktoba sun sha ciyawar damina sun murje, ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, haihuwa ta faɗo Yuni ko Yuli daidai sabuwar ciyawa ta fito uwa ta samu nono. A zafin bazara ko ta ɗauka cikin kan lalace tun yana 'yan kwanaki.

TAMBAYA: Yallaɓai ni matashi ne a Gombe na fara da karsana shida bokolo. Mai allura ya ce yana da Firisiyan da Simental da Birahman da Angus, wai in ɗauki Firisiyan don shi kowa ke yi. Ni kuma nama nake so ba nono ba.

AMSA: Ƙanena, mai allurar bai yi ƙarya ba, shi kowa ke yi, amma ka san dalili? Harkar allura a ƙasar nan don nono ta ginu, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta shekara da shekaru tana haɗa Firisiyan da bunaji, wato fararen shanunmu, saboda haka tulun yawancin masu allura Firisiyan ne cike, kuma kowa abin da ke shagonsa yake yabo. Ɗan Firisiyan namiji yana tsawo yana ƙashi, zai sayu ba a ce ba zai sayu ba, amma cinya da gadon baya ba sa cika kamar na shanun nama.

Birahman ɗan'uwan namu ne, mai tozo ne asalinsa shanun Indiya, a jihohin kudancin ƙasar Amurka masu zafi aka gyara irin, yana jure rana yana jure kaska, sai dai wasunsu akwai faɗa da tsorata. Kar kuma a ɗauka ba ya ciwo. A Kamaru, tashar Wakwa kusa da Ngaundere, tun shekarun 1950 suka haɗa Birahman da gudalin Adamawa suka fitar da iri mai suna Wakwa, girma kam ya yi girma amma kirci ya fi kama su fiye da gudali tsantsa, har abin ya rage wa irin farin jini. Don haka mutanen wuri mai laima da yawan kaska su yi hattara. Daga baya ma kamfanin kiwo na gwamnatinsu SODEPA ya koma haɗa gudali da Simental.

Simental ɗan Suwizalan ne, nama da nono duk yana bayarwa, ni kaina ina son ɗansa a kan bokolo. Amma kalma ɗaya a saƙonka ta tsayar da ni, ka ce karsana. Maraƙinmu na gida kilo 20 zuwa 25 yake faɗowa, na Simental ko Sharole (wani irin manyan shanun Turai) tsantsa ya haura 40, haɗin zai faɗo tsakani, to ka sa wa budurwar saniya mai ƙaramin ƙugu wannan ƙaton kai, naƙuda ta zo ƙarfe biyun dare ba likitan da zai yi tiyata, a taru a ɗaura igiya ana ja, ƙarshe ga uwa a kwance ga ɗa ba rai. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba kuma wallahi ba daɗin gani. Angus shi ɗansa ƙarami yake faɗowa haihuwa ba wuya, mutanen Barazil ma shi suke yawan sa wa fararen shanunsu nelori su yanka 'ya'yan, amma ɗan Sikotlan ne baƙi wuluk ba ƙaho, zafi na damunsa, kuma ka tuna wa za ka sayar wa. In mahauci ne mai saye da kilo ba ruwansa da launi. In kasuwar Potiskum ko Wudil za ka kai gab da Sallah, mai layya fari ko ja yake nema mai tozo da ƙaho wanda za a tsaya kallo in an ɗaure a ƙofar gida.

Da ni ne kai, cikin fari in ba su bokolo zaɓaɓɓe ko Birahman ɗin da takardarsa ta nuna 'ya'yansa ba sa wahalar haihuwa, kuma sai karsanar ta kai kamar kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta, Simental sai a ciki na biyu. Ka tsaya a rabi-da-rabi. Mutum ya ga ɗan fari ya yi kyau sai zumuɗi ya sa ya ƙara jinin Turawa a kan 'yarsa, ya koma kashi 75, ya ƙara ya koma 87 da rabi, sai ka ga dabba a gindin bishiya harshe a waje tana haki, kuɗin magani ya cinye riba. Mutanen Afirka ta Kudu da suka ƙirƙiri irin shanun nama mai suna bonsmara kashi biyar cikin takwas na saniyar ƙasarsu suka bari a jikinta. Mu ma kar mu raina namu, 'yan'uwanmu na Nijar sun daɗe suna tace irin shanunsu na azawak a tashar Tukunus ta wajen Filinge, kuma bokolon da ke hannunka dama saniyar nama ce.

Af, ga wani abin da masu kiwon Sallah ke mantawa, haɗin nan a wata 18 zai iya yin girman da za ka ɗauka ya isa, amma layya da shekara take ba da girma ba, a Malikiyya sai sa ya cika uku ya shiga ta huɗu, wasu malaman suka ce biyu.

TAMBAYA: Daga Kano. Na biya an yi wa shanuna 12, yau wata huɗu ɗaya ce tak ta ɗauka, mai yin ya ce shanuna ne ba su da kyau. An cuce ni ne? Yaya zan gane na ƙwarai nan gaba?

AMSA: Malam sannu da haƙuri. Abin zargi uku ne, saniya da lokaci da tulu. Amma in shanun ba su da kyau me ya hana shi faɗa tun kafin ya karɓi kuɗi? Na ƙwarai sai ya zura hannu ya duba kowace ya ce wannan ta yi wannan a ƙara mata abinci tukunna, wanda ya zo ya jera 12 ya bi su ɗaya bayan ɗaya bai ƙi ko guda ba tun nan ya kamata gabanka ya faɗi. Ɗaya cikin 12 ni tulunsa zan fara tuhuma sannan hannunsa.

Wata shekara na je gonar wani abokina ranar da za a yi wa shanunsa, sai ga mutumin ya iso a mashin da kular abinci rataye a kafaɗa. Ya buɗe, ƙanƙara ce irin ta masu sayar da zoɓo ta fara narkewa, tsinkayen naɗe cikin baƙar leda suna iyo. Ya zaro ɗaya da yatsa ya ɗaga wa rana yana karanta mana sunan bijimin da alfahari. Na ce bawan Allah tun yaushe suka fito daga tulu? Ya ce tun asuba, ai da sanyinsu taɓa ka ji. Ƙanƙara sifili ce, abin nan 196 ƙasa da sifili yake so, in ya narke ya narke ba a mayar da shi, gawa kawai ya ɗauko mana tun daga gari. Abokina har ya ba da rabin kuɗi.

Ga yadda aikin gaske yake don ka tsaya a kansa ka sa ido, kar ka aika yaro. Tulu a inuwa. Ya buɗe hayaƙin sanyi na tashi, ya ɗago gwangwanin iya wuyan tulun ba ya fito da shi waje ba, ya sa hantsaki ya ɗauki tsinke ɗaya cikin 'yan daƙiƙu ya mayar da saura. Ya jefa shi a fulas na ruwan ɗumi digiri 35 zuwa 37 wanda ya auna da ma'auni ba da yatsa ba, daƙiƙa 30 zuwa 45, ya goge shi ya bushe don ɗigon ruwa na kashe maniyyi, ya yanke bakin ya sa a bindiga ya rufa sabuwar riga, kowace saniya da tata, ya goge gaban saniyar, kuma cikin minti 10 zuwa 15 da narkewa ya gama. Wanda ke narkarwa a hammata ko a aljihu, ko ya narkar da biyar lokaci guda saniya ɗaya na ta kokawa, ko bindiga ta fito da jini, ka san inda kuɗinka ya tafi. Kai ma da naka aikin, ka kafa matsattsen shinge na itace ko ƙarfe da za ta tsaya cak, saniyar da aka yi ta bi da sanda aka kayar ba ta cika ɗauka ba.

Abu biyu da ba sa cin ko kwabo. Ka ce ya zura sanda ko rula a tulun ya zaro ya kaɗa a iska, iya inda ya yi fari da ƙanƙara nan ruwan naitirojin ya tsaya, in ɗan kaɗan ne a gindi to akwai magana. Na biyu ka karɓi kowane tsinke bayan an gama, a jikinsa an buga sunan bijimi da irinsa da lambar ɗiba, ka manna a littafi gefen sunan saniyar da kwanan wata. In shanun da yawa ne ma ka sadaukar da tsinke ɗaya a narkar a duba motsinsa a madubin likita, asibitocin koyarwa na dabbobi kamar na ABU Zariya da na jami'ar Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri duk suna da kayan. Wanda ya ce shi likita ne yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa wato VCN, ka tambaya ba rashin kunya ba ne, wanda ba likita ba kuma ka ji wane likita ne a samansa. Ka ce ya kai ka inda ya yi bara ka ga maruƙan, gani ya kori ji. Tunda a Kano kake akwai cibiyar barbarar zamani a Kadawa ta ƙaramar hukumar Garun Malam, ka leƙa.

Wajen biya ku yi magana a kan zuwa nawa, misali zuwa biyu da gwajin ciki, ka riƙe cikon kuɗin sai ranar da ya dawo gwaji, da sikanin daga kwana 30, da hannu kwana 45 zuwa 60. Sannan in akwai tarihin ɓari a garkenka musamman cikin da ya tsufa, ko mabiyiya ta ƙi fita, ko kumburin gwiwa, a gwada bakkale kafin ka sake kashe kuɗi, kuma a daina shan ɗanyen nono ba a dafa ba don mutum ma na kamuwa.

TAMBAYA: Ni mace ce a Bauchi ina da shanu uku a bayan gida. Mai allura ya ce sai an fara yi musu allurar jawo lokaci kuma da ƙarin kuɗi. Dole ne?

AMSA: Hajiya ba dole ba ne, ke ma kin fi masu manyan garke sa'a tunda kullum kina ganinsu. Ki ware kamar minti 20 bayan sallar asuba da kuma gab da magariba ki tsaya ki kalle su kawai. Mai neman sa za ki ga ta kasa natsuwa tana kuka ta rage ci, gabanta ya ɗan kumbura, yauƙi garai-garai kamar farin ƙwai na zuba har ya manne a jela. Babbar shaida ita ce 'yar'uwarta ta hau ta ita kuma ta tsaya ba ta gudu ba. Sai dai in kowace a turkenta take ɗaure wa zai hau wa? Ki riƙa kwance su su cakuɗa. Kin gani da safe a yi da yamma, kin gani da yamma a yi washegari da safe. In kuwa ɗan jini kika gani a jela to kasuwa ta riga ta watse, ki rubuta ranar ki fara sa ido bayan kwana 18.

In kin yi wata biyu kina kallo ba ki ga komai ba sai a zo maganar jawo lokaci. Akwai allurar furostagilandin da ake yi sau biyu kwana 11 tsakani, saniya ta nemi sa cikin kwana biyu zuwa biyar, akwai kuma wata roba mai sinadari da ake sa mata a gaba ta yi kamar sati a zare, da wannan har ana iya yanke ranar da awar da za a yi barbarar ba sai an jira alama ba. Amfaninsa mai allura ya zo sau ɗaya ya gama da kowa. Gargaɗina ɗaya da babbar murya, furostagilandin na zubar da ciki, duk saniyar da za a yi wa sai an duba an tabbatar ba ta da shi, na san waɗanda suka sayo a kasuwa suka yi da kansu suka wayi gari da ɗan tayi a ƙasa. Mace mai juna biyu da mai asma ma kar su taɓa kwalbar. Kuma shanu uku kuɗin zuwan zai yi miki nauyi, ki nemi maƙwabta masu kiwo ku haɗa kamar adashe, ya zo rana ɗaya ku raba kuɗin mai.

TAMBAYA: Gaskiya ne akwai tsinken da ke ba da namiji zalla?

AMSA: Akwai wanda aka tace, wajen tara cikin goma yana ba da jinsin da aka rubuta. Amma ya fi tsada, ƙwayoyin ciki sun fi kaɗan, ɗaukar ciki ta fi ƙasa, kuma yawancin wanda ake shigowa da shi na mace ne don masu nono, sai ka karanta da kyau. Wanda bai taɓa allura ba kar ya fara da shi.

TAMBAYA: Daga Sakkwato. Na ji an ce akwai hadisin da ya hana karɓar kuɗin barbara, to mu da muke sayen tsinke fa?

AMSA: Malam hadisin na nan, Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kuɗin barbarar namijin dabba, kuma ko a rugagenmu aron bijimi ake yi ba haya ba. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa abin da aka hana shi ne a ƙulla ciniki a kan sai mace ta ɗauki ciki, don wannan ba a hannun kowa yake ba, amma in an yanka kwanaki sanannu ko adadin hawa sun halatta. Shi ya sa ma na ce wa mutumin Kano su yi magana a kan zuwa nawa, ban ce sai ta ɗauka ba. Hukuncin tsinken kansa ka kai wa malaminka, amma ka yi masa bayanin yadda abin yake, abu ne sananne mai awo ana ganinsa, ga ladan aiki da kuɗin ajiya da sufuri a ciki.

TAMBAYA: Na gama karatun kiwon dabbobi ba aiki, ina da ɗan jari, in sayi tulu in fara yi wa mutane?

AMSA: Ɗana sana'a ce mai kyau kuma masu hannu sun yi kaɗan, amma kafin ka taya tulu ka nemo inda za ka riƙa samun ruwan naitirojin da nisansa da garinku, don kullum ƙafewa yake ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, ko kana da kwastoma ko babu, rana ɗaya ya ƙafe duk jarinka ya mutu a ciki ba ƙara ba wari. Tulu na hannu ka duba shi da kyau, in ka cika shi ka ga jikinsa na gumi ko ƙanƙara ta fito a wuyansa ta waje to ya huje ta ciki, ko kyauta ne ka bar shi. Kar ka toshe murfinsa gam don yana iya fashewa, kar ka rufe gilashin mota da shi a ciki don yana korar iskar numfashi, in ya zubo a fata kuma ƙuna ce kamar ta wuta. Hannu kuma ba a takarda ake samunsa ba, ka fara tambaya a NAPRI Shika batun horo, ka riƙa zuwa abbatuwa da sassafe kana sayen mahaifar shanun da aka yanka ka shimfiɗa a tebur kana tura bindiga ido a rufe har yatsunka su gane zoben bakin mahaifa, sannan ka bi wani gwani kana riƙe masa jela wata uku ko huɗu. Ka ƙirga gonakin da ke zaune wuri ɗaya da mashin zai kai ka cikin awa guda, in ba su kai su riƙe ka ba ka fara da aron gurbi a tulun wani likita kana biyansa.

Mai tambayar ko ana yi wa tumaki da awaki, ana yi, amma ta tunkiya daban ce don bakin mahaifarta a murɗe yake bindiga ba ta wucewa kai tsaye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.